Ranar da Aka Mai da Ni Kujera

Tun kafin in ga kyamarar nan da idona na san labarinta, don maigidana ba shi da hirar da ta wuce ta. Mai hoto ne, yana da ɗan shago kusa da Babbar Kasuwa inda yake ɗaukar fasfo da hotunan 'yan makaranta, ranar Asabar kuma ya bi bukukuwa. Kyamarar ba tashi ba ce a lokacin. Ta ubangidansa ce, wani dattijo mutumin Filato da ya koya mashi sana'a, mai situdiyo a bakin GRA, inda manyan ma'aikata ke zuwa idan za a yi masu hoton da ake ratayewa a ofis. Baba muke ce mashi.

Akwai sunan da masu hoto ke kiran irinta da Turanci, ban riƙe ba. Abin da Malam, wato maigidan nawa, ya fahimtar da ni shi ne, a cikin kowace kyamara akwai ɗan faranti da haske ke sauka a kai. Na waya bai fi farcen jariri ba, na kyamarar shagonsa ya ɗan ɗara, na wannan kau ya kusa kwalin ashana. Ya ce shi ya sa take kwaso komai, har gashin gira ɗaya bayan ɗaya. Na ce to mi za a yi da gashin gira? Ya dube ni kamar na zagi wani nashi.

Ya ce lokacin da Baba ya saye ta, kuɗinta zai sayi fili. Da aka kawo ni gidan nan na unguwar Kambarawa ta sauko kuɗin mota. Ina da ciki ta koma kuɗin babur. Wai sababbi sun fito, marasa nauyi, masu sauri, masu yin bidiyo, manyan masu hoto na duniya duk suna ta zubar da tsofaffin nasu. A garin nan komai hawa yake yi, shinkafa, man gyaɗa, har ƙuli-ƙuli ya ƙanƙance, ita kaɗai ce Allah ya ɗora wa saukowa. Malam zai dawo da la'asar, ko takalmi bai cire ba ya miƙo mani waya, "Duba nan, ta ƙara sauka!" Ni ban iya karanta rubutun ba, amma na iya karanta fuskarsa, sai in ce Allah ya ƙara saukar da ita.

Yana tsammanin don shi nake addu'ar. Ina da tawa buƙatar da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar suna ya yi alkawari a gaban mutane cewa duk ranar da kyamarar ta zama tashi, hoton farko da za ta ɗauka na ɗiyarmu ne. Ita ce ta fari. Duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan ke nufi. Ba na faɗin sunanta. Ba na yi mata wasa a gaban manya. Idan baƙi suka shigo ina riƙe da ita sai in miƙa wa na kusa, in shiga neman abin da bai ɓace ba. In aka ce, "Ɗiyarki ta yi ƙiba," sai in sunkuyar da kai kamar an kama ni da sata. A wasu gidajen an sassauta, na sani, ina ganin sa'o'ina suna rungume da 'ya'yansu a waya. Amma uwar mijina, Inna, ba ta san an sassauta ba. Malam ɗanta ne na fari, ga shi har da furfura biyu a gemu, amma har yau in za ta kira shi sai ta ce, "Ina mai hoton nan?"

Ni kuma hoto ɗaya nake so. Wankakke, wanda ake riƙewa a hannu, ni da yarinyar, fuskata a fili kuma ina kallonta. Ni ma 'yar fari ce. Na taɓa zazzage jakar hotunan gidanmu kaf, na ga kaina a hannun gwaggo, a hannun kaka, a hannun wata maƙwabciya da ba wanda ya tuna ta, amma babu ko ɗaya da nake hannun mahaifiyata. Na san tana so na. Da dai na gani.

Na gwada da wayata a ɗaki, ƙofa rufe. Ɗakina duhu gare shi, wayar kuma ta sha faɗuwa, sai mu fito kamar inuwa biyu a cikin kunu. Waɗannan ɗin ma gogewa nake yi, don ƙanwar Malam kullum wayata na hannunta, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Ga ni da fargaba kamar kaza mai 'yan tsaki. In yarinyar ta yi atishawa sai in taɓa goshinta. In ta yi barci da yawa sai in kai yatsa hancinta. Kullum ina jin kamar girma take yi a guje, kafin in ankara za ta fi ƙarfin cinya, shi ke nan na makara. Farashi yana sauka, ita tana tashi. Ta fara zama, kyamara na nan kuɗin babur na hannu. Ta fara rarrafe, kyamara ba ta motsa ba. Har mafarki na yi ta yi aure Malam na bin motar amarya yana cewa a dakata, ta kusa sauka.

Sai Baba ya ce ya gaji, idonsa ya yi rauni, zai koma gida. Ya nemi masu saye, duk wanda ya zo ya ɗaga ta ya ji nauyi, ya tambaya ko tana bidiyo, sai ya ajiye. A ƙarshe ya ce wa Malam ya kawo abin da zai sayi keken ɗinki, ya ɗauke ta har da ƙafafunta uku da batir biyu.

Da kansa ya rako ta a Napep, wata safiya da hantsi. Suka tsaya a zaure, ni ina bayan ƙyaure. Inna ta fito suka gaisa, ya gida, ya iyali, ya ƙafa, ya sanyin ƙashi, ya mutanen Filato, har na ƙagu. Sannan na ji Baba yana yi wa Malam wasiyya kamar mai ba da aure.

"Ka ji ko, yaro. Tsohuwa ce. Ba ta son duhu, ba ta son motsi, ba ta son gaggawa. In ka latsa sai ta yi tunani tukuna, sannan ta ɗauka."

Inna ta ce, "Ashe sa'ata ce. A shigo da ita, ta samu ƙawa."

Baba ya yi dariya har da tari. Ya ƙara da cewa batiran sun tsufa su ma, kada a yi wasa da su.

Malam ya ce yau za a cika alkawari, don gobe zai kai ta shago, kuma in ta shiga shago ba ta sake fitowa, kada ƙura ta shige ta. Ban da wata dabara, ban shirya komai ba. Abin da na sani kawai yau ce.

Aka yi wa yarinya wanka, na sa mata kwalli a ɗaki, garin sauri har na zarce mata zuwa kunne, na goge na sake, bai gama fita ba. Aka sa mata riga ruwan ƙwai mai tattara. Malam ya ɗaura farin yadi bisa igiyar shanya a tsakar gida, gefen inuwar darbejiya, ya kafa ƙafafun nan uku, ya ɗora kyamarar a kai da bisimilla. Baƙa ce, ƙatuwa, da ido guda kamar bakin kofi. Kajin Inna suka zo suka zagaye ta suna leƙe. Ni na koma ƙofar madafi da faifan wake, wai ina tsincewa. Wallahi ban san abin da na zubar ba, ko tsakuwa ko wake.

Aka zaunar da yarinya bisa tabarma. Malam ya duƙa, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ce kowa ya yi shiru. Ya latsa. Tsohuwa ta yi tunaninta. Kafin ta gama yarinya ta juya ta bi kaza. Sai muka ji ƙwaras! kamar an karya kara, kaji suka watse. Malam ya duba bayan kyamarar ya ce, "Inna lillahi." Hoton farko na kyamarar da ta taɓa ɗaukar manyan gari, ɗuwawun ɗiyata ne da wutsiyar kaza.

Ƙanwarsa ta faɗi bisa tabarma tana dariya. "Yaya, a wanke wannan a kai ofis!"

"Tashi ki riƙe ta, sarkin surutu."

Ta riƙe ta. Yarinya ta gantsare, ta murɗe, ta kama ɗan kunnen gwaggonta ta ja. Ƙwaras! Aka samu yarinya mai kai biyu da hannu huɗu. Aka sake, aka samu gwaggo ta fito tsaf, har ƙurjin da ke gefen hancinta, a cinyarta kuma wani hayaƙi ruwan ƙwai.

"Goge wannan! Yaya, don Allah goge! Wannan kyamarar ba ta da sutura."

Inna ta ce a kawo ta nan, yara ba su iya riƙon yaro ba. Ta gyara ɗaurin kallabi, ta zauna, ta ɗora jikarta a cinya tana yi mata tawai. Da ƙwaras ɗin ya tashi yarinya ta tsandara ihu. Nan batir na farko ya mutu. Malam ya sa na biyu, ya duba, ya ce shi ma ba cike yake ba, ga shi babu wuta tun jiya. Zufa ta jiƙa mashi riga.

Yarinyar kau kuka take, ta miƙo hannu biyu wajen madafi. Wajena. Kowa ya gani, kowa ya yi kamar bai gani ba. Nono ya tsatso mani, na danne da faifai. Ina ta faɗa a zuci, ya Allah ka sa wani ya faɗa, ya Allah ka buɗe bakin wani.

Allah ya buɗe bakin da ba ya rufuwa. Ƙanwar Malam ta ce, "Inna, ni dai in faɗi gaskiya, uwarta take so."

Inna ta ce, "Wa ya tambaye ki?"

Malam ya shiga goge idon kyamara da ba abin da ya same shi. Inna ta dubi jikarta, ta dubi kyamara, ta ɗan saci kallon madafi. Na ga tana tauna goro a hankali, alamar tana shawara. Can ta ce wa ƙanwar Malam, "Ke, jeki ɗakina ki ɗauko mani zanen gadon nan mai furanni, babban."

Aka kawo.

"Ke 'yar nan, aje waken nan. Zo ki zamna bisa kujerar nan."

Ban san lokacin da na iso ba. Na zauna bisa kujera 'yar tsugunno. A raina na ce shi ke nan, Allah ya karɓa. Sai na ji an yafa mani zanen gado tun daga ka har ƙafa.

Inna ta ce, "Yauwa. Yanzu ba uwa ba ce, kujera ce. A ɗora yarinya bisa kujera."

Aka ɗora mani ita. Ko da jikinta ya taɓa nawa kuka ya tsaya cak, sai ajiyar zuciya. Na zagaye ta da hannuwana ta cikin zanen. Ciki zafi, ga ƙamshin turaren wutar Inna, ga furannin zanen rana ta haska su sun yi manya-manya a gaban idona. Ban san ko in yi kuka ko in yi dariya ba. Ga ni a cikin hoton da na yi ta roƙo, rungume da ɗiyata a tsakiyar gida, a gaban uwar mijina, kuma da izininta. Amma a matsayin kayan ɗaki.

Dariya ce ta ci ƙarfina. Ta faro daga ciki, na danne, ta fito ta kafaɗu.

Malam ya ce, "Kujera tana girgiza."

Ƙanwarsa ta ce, "Kujera, daina numfashi mana! Yaya, nawa ka sayo wannan kujerar? Ko ita ma farashinta ya faɗi?"

"Ta hannu ce," in ji Inna, "amma tana da ƙwari."

Wayyo Allah. Inna da kanta! Na cusa zanen a baki na cije, hawaye na zuba, cikina na ciwo. Yarinya ta ji cinya na rawa ta ɗauka wasa ne, sai ta fara ƙyalƙyatawa. Malam ya ce, "Haka! Haka! Kowa ya tsaya!" Na ɗauke numfashi kamar mai nutso a rijiya. Ƙwaras! Ya ce, "Alhamdu lillahi, ya yi!" Ya sake, ya ce wannan ma ya yi. Inna ta ce to madalla, a sauke yarinya.

Malam ya ce, "Saura ɗaya, batir bai ƙare ba."

Ita kau yarinya ta gaji da kallon baƙin ido. Ta ji ƙamshin nono a bayanta. Na ji ta juyo, ta dafa ƙirjina, ta miƙe bisa cinyata, 'yan yatsunta suna lalube. Ta damƙi zanen daidai goshina ta ja da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Haske ya mamaye ni. Ga fuskarta dab da tawa, da haƙoranta biyu, da kwallin da ya zarce, ta gano ni, tana ihun murna kamar ta tsinci abin da aka ɓoye mata. Na manta da Inna. Na manta da kowa. Na buɗe baki na yi mata dariya.

Ƙwaras!

Na ja zanen na rufe fuska, amma an riga an gama. Batir ya mutu.

Malam ya zare katin ya sa a kwamfutarsa da ke da sauran caji. Aka baje bisa tabarma a inuwa, ni ina can baya da yarinya, na juya gefe ina ba ta nono, kunnena duk yana wurinsu. Ya buɗe na kujera. Kai, hoto ya yi kyau. Ya matso da shi kusa, ya ƙara matsowa, sai ga zaren rigarta ɗaya-ɗaya, ga ɗigon yawu a leɓenta, ga wata tururuwa tana hawan farin yadin da ba wanda ya gan ta. Ya buɗe na Inna, ta ga tsagen fuskarta da jan goro a haƙoranta, ta ce, "A'uzu billahi. Wannan ba kyamara ba ce, magulmaciya ce. Da saninta aka karya mata kuɗi."

Ana cikin dariya ya danna na gaba.

Na leƙo ta saman kafaɗar ƙanwarsa. Ban taɓa ganin fuskata haka ba. Kallabina ya zame, zufa ta wanke mani goshi, zanen gado ya rataye a kunnena guda, bakina a buɗe har ana ganin wushiryata. Idona kuma yana kan yarinyar, irin kallon da nake yi mata in na kulle ƙofa. Ita ta riƙe zanen a hannu, hancinta ya kusa taɓa nawa. Babu abin da ya girgiza. Tsohuwar da ba ta son motsi ta kama mu tsaf.

Dariya ta ɗauke. Na ji kamar in nutse cikin ƙasa, amma kuma idona ya ƙi barin hoton. Ina ta haddace shi, don na san yanzu za a ce a goge.

Malam ya yi gyaran murya, ya ɗora yatsa bisa maɓalli. "Wannan ya lalace, Inna. Tun kafin ta ja zanen na latsa, tsohuwar ce ta yi jinkiri. In goge?"

Ni da ke ƙarƙashin zane ban ga lokacin da ya latsa ba, kuma har yau ban tambaye shi ba. Na dai lura bai dubi kowa ba da yake maganar.

Inna ta ce, "Matso mani da shi."

Ya matso. Ta kai fuskarta kusa da kwamfutar har numfashinta na taɓa gilashin. Ta daɗe. Ta daina tauna goro. Yarinya na tsotso ba ruwanta. Na ga Inna ta ɗago ta dubi mai hoton nan nata, kallo ɗaya, gajere, ta mai da kai.

Ta ce, "Ya lalace kam. Kujera ta fito."

Yatsan Malam ya motsa.

"Wa ya ce ka goge? An ƙona batir a kansa, almubazzaranci ne. Ka wanke na farkon babba a rataye a falo. Wannan kuma ka wanke shi ƙarami, ka ba mai kujerar, ita ta san inda za ta kai lalataccen abu. Ni dai kada in gan shi."

Ta miƙe tana dafa gwiwa, ta ce rana ta yi, ba a ɗora komai ba. Na ce, "To, Inna," da muryar da ba tawa ba. Na shige ɗaki da yarinya, na tura ƙofa, na yi ta juyi da ita a tsakar ɗaki ba kiɗa, ina toshe baki, har jiri ya kwashe mu muka zube bisa gado.

Bayan 'yan kwanaki Malam ya shigo da shi a naɗe cikin takarda. Ashe ƙarami a wurin wannan kyamarar ya kai faifai. Na gwada akwati, ya ƙi shiga. Na gwada ƙarƙashin katifa, na ji tsoron ya lanƙwashe. A ƙarshe na manna shi a cikin ƙofar wardirof, ta ciki, inda sai an buɗe ake gani. Ranar na buɗe wardirof ɗin nan har ƙofar ta fara ƙara.

Washegari da hantsi ina tsaye a gabansa, ƙofa a wangale, sai ga Inna ta ɗaga labule tana neman allura. Ban samu damar rufewa ba. Na daskare. Ta karɓi allurar, ta tsaya tana zura zare, ta kasa, ta sake, ta kasa, ita da ke zura zare ko da magariba. Ta daɗe tana fama, fuskarta na wajen wardirof.

Da za ta fita ta ce, "Ki riƙa rufe ƙofar nan, 'yar nan. Hasken taga yana cin kala."